Hawan Dutsin Adar Don Ganin Kufan Mutanen Ramu

Ƙasar Adar ƙasar dutsi ce. Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Madawa, ta bi ta Buza da Keita, ta faɗa Tawa, ya san haka, don ƙugunsa ma ya gaya masa. Mota ta hau, ta gangara, ta sake hawa. Dama dutsi, hagu dutsi, baƙi ƙirin kamar an babbake shi. Yawancin matafiya ta tagar mota suke duban duwatsun nan, suna roƙon Allah a wuce su lafiya. Kaɗan ne suka san a can bisa, ƙarƙashin leɓen dutsi, akwai wuraren da mutane suka zauna, suka niƙa hatsi, suka yi aure suka haifu, suka rufe iyayensu, tun ba a kafa da yawa daga garuruwan da ke cikin kwari yau ba.

Wuraren nan ba su da allo a bakin hanya, ba su da mai gadi. Mai son ganinsu sai ya sauka a garin da ke gindin dutsin, ya sami ɗan gari ya shige masa gaba, ya taka da ƙafarsa. Ga yadda tafiyar take, ga kuma abin da ake iskewa a can.

Yadda ƙasar take

Madawa tana bakin kwarin Tarka, inda ake noman albasa da rani, ana kuma saƙar tabarmin kaba da suka yi suna. Daga nan zuwa Buza wajen kilomita 50 ne, an fuskanci arewa. Gaba da Buza sai Keita, sai Tamaske, sannan Tawa. Wannan yanki shi ake kira Adar Dutsi. Bisansa shimfiɗe yake kamar faifai, shi ne manoma ke ce wa dabagi. Ruwan sama ya tsattsaga faifan nan ya fitar da manyan kwaruruwa: kwarin Majiya, wanda ke gangarawa har ya shiga Najeriya ya zube a tabkin Kalmalo, da kwarin Keita, da kwarin Badagishiri. Kowane babban kwari yana da ƴaƴa, wato ƙananan kwazazzabai da suka kutsa cikin dutsi kamar yatsun hannu. Ta cikinsu ake bi a hau.

Dutsin kansa hawa-hawa ne. Bisa akwai baƙin dutsi mai tauri, mai ƙarfe a cikinsa. Ƙarƙashinsa akwai laka da farin dutsi mai taushi, irin wanda ake toyawa a Malbaza a yi siminti tun cikin shekarun 1960. Ruwa da iska sun fi cin mai taushin. Shekara da shekaru suna ƙwaƙule shi, mai taurin ya saura a bisa ya yi rumfa. Haka aka sami ramu da kogwanni a gefen duwatsu. Mutum ya iske su ne, ya gyara, ya shiga.

Su wane ne mutanen ramu

Malam Jibo Hamani, masanin tarihi, ya bi garuruwan Adar yana tambayar tsofaffi, ya fitar da littafin tarihin ƙasar a 1975. A wannan shekara kuma wata Bafaransa mai suna Nikol Eshar, wadda ta daɗe cikin ƙauyukan Adar, ta fitar da nata. Abin da tsofaffi suka nuna shi ne, waɗanda suka fara zama a ƙasar nan Azna ne. Akwai waɗanda ake kira Aznan ramu, akwai kuma mahalba masu bin nama da baka da kibiya.

In aka tambayi yawancin gidajen Adar asalinsu, sai su ce daga Abzin suka zo, ko daga gabas, ko Gobir, ko Kabi. Amma akwai gidajen da ba su da labarin tafiya ko kaɗan. Su cewa suke kakansu daga ramin dutsi ya fito. Wanda bai san kan magana ba sai ya yi dariya. Ma'anarta kuwa a fili take: su ba su iske kowa ba, kowa su ya iske. Don haka ake kiransu masu ƙasa. Ko bayan da masu doki da takobi suka zo suka karɓi sarauta, sha'anin ƙasa da na daji a hannunsu aka bar shi. Guntun wannan al'ada shi ne buɗin daji da aka san garin Masalata da shi, kusa da Birnin Ƙonni.

Shirin tafiya

Ba kowane lokaci ake hawan dutsi ba. Da bazara dutsi yakan ƙona tafin hannu tun da hantsi. Da damina kuma kwazazzabo tarko ne. Ana iya yin ruwa can bisa dabagi, inda mai tafiya bai ga ko hadari ba, sai kawai ya ji ƙugi, ruwa ya taho da itace da duwatsu. Lokacin da ya dace shi ne bayan an kai hatsi rumbu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da sanyi ya sauka.

Baƙo ya fara sauka gidan maigari, ya gaishe shi, ya ajiye goronsa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Kowane dutsi da masu shi. Wanda aka gani yana yawo a kufan kakannin mutane ba da sanin kowa ba, ɓarawo za a ɗauke shi. Maigari shi ke nuna wanda zai yi jagora. Yawanci dattijo ne daga gidan masu ƙasa, ko mahalbi, ko makiyayin da ya girma yana bin awaki a wurin. A yi jinga da shi tun a gida, don yinin da ya bayar yinin aikinsa ne.

Kayan tafiya ba su da yawa: gorar ruwa ko bido mai lita 3 ga kowane mutum, takalmi mai kama ƙafa, malafa, sanda, fitila, da ɗan ƙuli-ƙuli ko dabino a aljihu. Silifa ba ta hawan dutsin Adar. Kada a dogara da salula, don cikin kwazazzabo ba kullum take kamawa ba. Ana idar da sallar asuba a kama hanya.

Cikin kwazazzabo

Farkon tafiya daɗi gare ta. Ana ratsa gonakin fadama, karan dawa a tsaye, gawo ya fitar da ganye, mata da jakuna sun riga kowa zuwa rijiya. A kwarin Majiya ana bi ta inuwar dogon yaron da aka fara dasawa a 1975 don tare iska, layi biyu-biyu, da tazarar mita 100 tsakani. Daga nan sai a faɗa cikin ƙorama. Rairayi ne mai cin ƙafa, ga sawun dila da na zabin daji na daren jiya.

Sannu-sannu gaɓar ƙoramar take tashi. Ta kai ƙugu, ta kai kafaɗa, ta shanye mutum. Tsoho ɗan jagora yana gaba, ba ya sauri, ba ya waiwaye. Saurayin da ya so ya wuce shi sai ya ji an ce: "Yi sannu, ɗana. Dutsin ga ba a yi mashi gaugawa." In tsoho ya tsaya, to akwai abin nunawa. Ya ɗaga sanda ya nuna yayi da karare da suka maƙale a reshen aduwa, bisa kan mutum. "Nan ruwan bana ya kawo." Ya nuna saiwar wata bagaruwa a waje tana lilo, ƙasar da ta riƙe ta ta tafi. "Ina yaro, da tsalle guda ake ƙetare ƙoramar ga." Yau sai an gangara an hau.

Inda kwazazzabo ya ƙuntata, iska ta ɗauke, murya ta riƙa komowa. Nan ake fara ganin farin dutsi a gefe. Wanda ya duƙa ya duba da kyau zai ga abin mamaki: katantanwa da makankari sun zama dutsi, wasu kuma dunƙule suke da zanen tauraro a baya. Yara makiyaya suna wasa da su. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce teku ce ta rufe wurin nan, waɗannan kuwa halittun cikinta ne. In aka gaya wa tsoho haka, ya jinjina kai ya ce ikon Allah ya fi da nan.

Daga nan sauƙi ya ƙare. Ana barin ƙorama a kama gefen dutsi, ta hanyar awaki. Tsakuwa ce baƙa, kowace taka sai ta zame. Itatuwan wurin gajeru ne: geza, da sabara, da ƙaya iri-iri, da anza mai ganye kore ko da rani. Tsoho ba ya wuce anza bai yaba mata ba, don ƴaƴanta ne ake jiƙawa kwana da kwanaki a zubar da ɗacin a ci a shekarun yunwa, irin 1973 da 1984. Dokokinsa uku ne. Kada a sa hannu inda ido bai gani ba, saboda kunama da kububuwa. Kada na bisa ya turo dutsi ga na ƙasa. In an ji kukan zuma, a yi shiru a ja da baya. Gwargwadon dutsi, hawan yakan ci awa biyu ko uku, har da hutawa.

A bakin rami

Ba a ganin wurin daga ƙasa, kuma da gangan aka zaɓe shi haka. Sai an zagaya wata kusurwa, ga shi nan. Kafin a ƙarasa, tsoho ya tsaya ya yi sallama kamar mai shiga gidan mutane. Baƙo ya yi abin da ya ga an yi.

Wanda ya zo da tsammanin ganin soro da bene, gwiwarsa za ta yi sanyi. Abin da ke nan ƙanƙane ne, sai an nuna wa mutum. Rami ne mai faɗin baki, rufinsa gajere, sai an sunkuya. Ciki da sanyi, da warin jemage. In an haska fitila sai a ga rufin ya yi baƙi da hayaƙi. A bakinsa ga ragowar katangar duwatsu da aka jera ba laka, ta zube, saura iyakar gwiwa. Ita ce ta tare iska da kura da dare. Gaban ramin akwai ɗan fili. Nan ake ganin duwatsu a kewaye, gindin ɗakuna ke nan, da wasu manya kusa da juna waɗanda aka girka rumbu a kansu don gara da ɓera, kamar yadda ake yi har yau a cikin kwari.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne dutsin niƙa. Yana nan inda aka bar shi, cikinsa ya lotsa, wani ma har ya huje. Kafin dutsi ya huje a hannun mace, uwa ta niƙa a kansa, ɗiya ta niƙa, jika ta niƙa. Tsingaro kuwa ko'ina, ja da baƙi, wani da zanen tabarma a bayansa, wani guntun bakin tulu. Can gefe ga tarin duwatsu dogaye-dogaye. Tsoho ya ratse musu, ba ya taka su. Kusheyi ne.

A wasu kufai ana iske wani baƙin abu mai nauyi, mai ƙuraje, tuli guda. Kashin maƙera ne. Baƙin dutsin bisa yana da tama, maƙeran Adar kuwa sun san yadda ake narka ta da gawayi a fitar da ƙarfen hauya da gatari da kan kibiya. Nikol Eshar ta ɗauki silman wannan aiki a ƙarshen shekarun 1960, lokacin yana gab da mutuwa, don ƙarfen tsofaffin motoci ya fi sauƙin samu.

Daga nan tsoho ya zauna ya ce baƙo ya juya ya dubi inda ya fito. Kwari duka a tafin hannu: garuruwa, rijiyoyi, hanyar kasuwa, har ƙurar babur guda a nesa. "Ka gani, ɗana? Mai zamne nan ba a yi mashi ba-zata. Tun da hantsi ya hangi ƙurar doki, mahara ba su isowa sai azahar." Baƙo ya ce: "To Baba, ruwa fa?" Tsoho ya yi murmushi, don ruwa shi ne wuyar wurin. Akwai guraben dutsi da ke riƙe ruwan sama ƴan kwanaki bayan damina. In sun ƙafe, mata ke gangarawa da tuluna ta hanyar nan da baƙo ya hawo yana haki, su komo da su cike a ka, kullum. Gonaki kuma a gangaren dutsi suke, an tare ƙasa da jerin duwatsu, abin da ake kira gandari.

Abin da ya hau da su, da abin da ya sauko da su

Kufan nan ba tsaran juna ba ne. Ɗan jagora na kirki yakan rarrabe, ya ce wannan na mutanen farko ne, wancan na zamanin yaƙi ne.

Adar tana tsakanin Abzin da ƙasashen kudu, hanyar ayari ce, don haka kowa ya so ta. Ta taɓa bin Kanta na Kabi. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci Kabawa da yaƙi ya karɓe ta. Bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas wajen 1721, ya komo ya zauna Birnin Adar, kuma daga zuriyarsa sarakunan Adar na Illela suka fito. Daga baya Abzinawan Kel Geres suka sauko suka zauna wajen Galma da Arzarori. Shekarun 1800 ba su bar talaka ya huta ba: yaƙin Muhammadu Jelani a farkonsu, sannan doguwar gaba tsakanin Kel Geres da Iwillimmidan. In manya suka yi karo, rumbun manomi ke biya. Doki da raƙumi ba su iya tsakuwar nan, don haka mutane suka ja jikin dutsi, su ɓoye hatsi da yara har ƙura ta lafa.

A 1901 sojan Faransa suka yi karo da Kel Geres a Galma, mulkin Nasara ya kafu. Hari ya ragu, aka shiga wata wahala ta haraji da aikin tilas. Amma dalilin zama nesa da ruwa ya kau. Gida-gida aka riƙa gangarowa kusa da rijiya da fadama da kasuwa. Yau jikokin masu hari da jikokin masu gudu kasuwa ɗaya suke ci, a Tamaske da Ibohaman da Buza, sahu ɗaya suke bi a masallaci. Wanda ya ga inda tsoro ya kai mutane suka kwana, shi ya san tsadar zaman lafiya.

A wasu ƙasashe

Adar ba ita kaɗai ke da irin wannan ba. A Mali akwai dutsin Banjagara, mai tsawon wajen kilomita 150. Wasu mutane da ake kira Telem sun yi ginin laka a cikin kogwanninsa, can bisa inda sai da igiya ake kaiwa, kafin Dogon su zo su gaji wurin. A 1989 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Shekaru da yawa samarin Dogon sun ci abinci da jagorancin baƙi, har rikicin da ya tashi a Mali a 2012 ya tsai da zuwansu.

A Amurka kuma, cikin jihar Kolorado, akwai wani wuri Mesa Berde, inda aka gina ƙauyuka ƙarƙashin rumfar dutsi. Mafi girmansu yana da ɗaki wajen 150. An gina su wajen shekara ta 1200. Kafin 1300 masu su sun tashi, bayan wani fari da ya yi shekara 20 da ɗoriya. Mutumin Adar ba sai an fassara masa wannan labari ba. Gwamnatin ƙasar ta killace wurin tun 1906. Ba a shiga babban ƙauyen sai da ma'aikaci a gaba, ana hawa da tsani, kuma ko tsingaro guda ba a ɗauka.

Kufan Adar ba su kai waɗannan girma ba. Amma ɗa ba ya ƙin kushewar ubansa don ta maƙwabci ta fi ta tsawo.

Abin da ke cin kufai

Abu huɗu ne. Na farko ruwa. Tun da itace ya ragu a bisa dabagi, ruwan sama ba ya tsayawa ya shiga ƙasa. Gudu yake yi, ya yanki gefen dutsi ya tafi da abin da ke kai. An yi babban aiki a kan wannan. Furojen Keita, da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, ya gyara fako fiye da hekta 30,000, aka dasa itace wajen miliyan 18, kuma mata ne suka yi yawancin aikin, don maza sun tafi cin rani. Inda aka kiyaye aikin, ƙorama ta rage ci. Inda aka bar shi ya lalace, ta koma halinta.

Na biyu masu ɗibar dutsi. Mai neman dutsin gini ko na gandari ya fi son wanda aka riga aka tara. Katangar da ta ga kaka da kakanni tana iya ƙarewa a yini biyu. Dutsi bai yi wa Adar kaɗan ba, a ɗiba a wani wuri.

Na uku masu haƙa. Wasu sun ɗauka akwai tukunyar zinariya ƙarƙashin kowane kufai. Mutanen ramu manoma ne da mahalba, abin da mai haƙa zai samu ƙashin kakan wani ne. An ga abin da ya faru a Bura, cikin jihar Tilaberi, inda aka gano tsofaffin tukwane da mutum-mutumin laka a 1975. Da labarinsu ya kai Turai, aka yi ta tonon wuraren ana sayar wa dillalai. Doka mai lamba 97-022 ta ran 30 ga Yuni 1997 ta hana haƙa wuraren tarihi ba da izini ba. Wanda ya tsinci wani abu ya bar shi inda yake, ya gaya wa maigari, shi kuma ya kai magana gaba har ta isa ga masu binciken IRSH a Yamai. Dalili kuwa, masana daga inda tukunya ke kwance, da gawayin da ke kusa da ita, suke gane shekarunta. In ta bar wurinta ta zama tukunya kawai.

Na huɗu, kuma shi ya fi ɓarna, mantuwa. Samarin Adar da sun gama girbi sai Abijan, sai Najeriya, sai Libiya da Aljeriya. Lokacin da ya dace da hawan dutsi ba su gida. Wasu dattawa kuma suna jin nauyin ambaton kakanninsu, don kada a ce musu Azna. Wannan nauyi ba shi da wuri. Ƙasar da mutanen ramu suka zauna, ita ce ƙasar da aka san Malam Jibrin ɗan Umaru da ita, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sanin inda kaka ya kwana daban, bin addininsa daban. Kowace shekara ana rufe tsofaffin da suka san sunan kowane rami da gidan da ya fito daga cikinsa. In na ƙarshe ya tafi bai faɗa ba, duwatsun za su saura, amma ba mai iya cewa na wane ne.

Gangara

Gangara ta fi hawa wuya, gwiwa ke biya. A fara ta tun kafin azahar, a bi sawun tsoho, a riƙa dasa sanda kafin ƙafa. Kafin a bar wurin yakan dubi hannun kowa ya ce: "Abin da kunka iske nan, ku bar shi nan." An iso gari a koma wurin maigari a ce an sauko lafiya, a sha fura, a sallami ɗan jagora da abin da aka yi jinga.

Garuruwan da ke da kufai a bisa kansu suna da abin yi, kuma ba ya cin kuɗi. Maigari da dattawa su tsai da wanda zai riƙa shige wa baƙi gaba, su kuma hana ɗiba da haƙa. Mushe ya kai ƴan lakwal sau ɗaya a shekara, da sanyi. Wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ya ɗauki kaye guda da bik ya zauna gaban tsoho, ya rubuta sunan ramin, da gidajen da suka fito daga cikinsa, da inda suke ɗibar ruwa, da zamanin da suka sauko. A ajiye kayen wurin maigari, inda gara da ruwa ba su kai gare shi.

Allah ya ƙara wa dattawa lafiya da nisan kwana, ya ba ƙasar Adar damina mai albarka da zaman lafiya. Amin.